Don Wa, Rahamatu?

Kilomita Biyar, Bangi
Ranar Asabar

Zuwa ga matata Rahamatu, Maman Ikram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka Duwala ta Kamaru lafiya, ke da Yaya Suwaiba, gajiyar hanya kuma ta bi jiki. Mu nan lafiya lau. Ikram da Haris suna wurin Inna a unguwar Kokoro, in na rufe shago nakan biya in gan su. Haris ya daina kuka, sai dai kullum ya tare ni da "Mama ayeke na ndo wa?" Inna ta ce in ba da Hausa ya tambayi inda uwarsa take ba, ba mai amsa masa.

Na rubuto ne don a waya ba ma gama magana. Ni shago cike da masu sayen ƙusa da fenti, ke kuma Yaya tana gefenki. Abdulsamad direba zai je ɗauko kaya, shi na ba takardar nan.

Rahamatu, da bakina na ba ki izinin tafiya, ban kuma janye ba. Amma raina bai kwanta ba. Tun da aka kawo ki gidana na san nononki na dama ya fi na hagu girma, bayan yayen Haris bambancin ya ƙaru. Na taɓa ɓata fuska? Ni kaɗai ke gani, ni kuma na ce ya yi mini. To don wa za a sa miki wuƙa?

Ga abin da ya fi ƙona ni. Jiya Husna mai ɗinki ta zo sayen kwaɗon ƙofa, tana cewa ai Muhyiddeen ya kyauta, shi ya yi muku hanyar likita. Ni kuwa ce mini kika yi Yaya ce. Muhyiddeen ɗan kawunki, wanda duk unguwar Yakite ta san ya nemi aurenki kafin ni! Wato shi ma ya sani. Da wane baki aka faɗa masa? Abin da ke cikin rigar matata ya kai kunnensa, ni ina nan ina auna wa mutane waya da igiya. Na ba Husna kwaɗo ba makulli, sai da ta dawo.

Ki faɗa mini gaskiya, likitan namiji ne ko mace? Kuma a ina kuka sauka?

Ki gaishe da Yaya.

Mijinki,
Uwaisu


Kilomita Biyar, Bangi
Ranar Laraba

Maman Ikram,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikinki, yaya ruwan Duwala? An ce can ba ya ɗaukewa. Nan ma ya zuba har kwata ta cika ta shigo bakin kasuwa. Yara lafiya. Ikram ta dafa mini miyar ganyen rogo da gozo, tuwon rogon nan namu, gishiri ya yi yawa, amma na cinye duka.

Amsarki ta iso. A tsaye na karanta ta, na koma bayan buhunan siminti na zauna na sake karantawa.

Ban san kafaɗarki na ciwo haka ba. Ban san igiyar rigar nono ce ta yi miki wannan baƙin tabon ba, ko cewa ƙasan na daman yana saɓewa duk lokacin zafi. Ban san Husna na ɗinka miki soso a ɓarin hagu na kowace riga ba. Maganar sunan gidan Amariya kuwa, da kika sunkuya ɗaukar tukunya soson ya faɗo a tsakar gida mata suka yi ta dariya, wallahi yau na fara ji. Na tuna kin dawo da wuri ranar, kika ce kanki ke ciwo.

Kin rubuta, "Kullum kana cewa ya yi maka, ba ka taɓa tambaya ko ya yi mini ba." 

Amma ki duba nawa ɓangaren. Husna ta sani, Yaya ta sani, matan Yakite sun sani. Ni da muke ɗaki ɗaya, ni ne na ƙarshe. Kin ce Samira matar Muhyiddeen ce ke aikin jinya a asibitin, ita ta haɗa ku da likitan, shi nasa tuƙi ne kawai. Na ji. Kin ce likitan dattijo ne mai furfura, na daman kawai zai rage har ya daidaita da ɗan'uwansa, kuma Samira za ta tsaya a ɗakin. Wannan ma na ji. Duk da haka a gidan Muhyiddeen kike kwana, abincinsa kike ci. Hoton da Yaya ta turo, kina gaban mota da sabon mayafi kina dariya, wa ya ɗauka? Rabon da in ga wannan dariyar an daɗe.

Bari in faɗi abin da ba zan iya faɗa a waya ba. Tsoro nake ji. Dā kina tafiya kanki a ƙasa, mayafi har gwiwa, ina ɗauka kunya ce. In kin dawo kafaɗa a miƙe, ki ratsa kasuwa kowa ya ɗago kai, ni ga tumbi, ga ƙurar siminti a gemu. Za ki ci gaba da kallona kamar dā?

An ce Litinin za a yi aikin. Na roƙi liman ya sa ki a addu'a, ban faɗa masa dalili ba. Allah Ya ba ki lafiya.

Naki,
Uwaisu


Kilomita Biyar, Bangi
Ranar Alhamis

Rahamatu tawa,

Assalamu alaikum. Sannu, sannu. Yaya ƙarfin jiki? Allah Ya sa kaffara ne. Kada ki ɗaga hannu don karɓar takardar nan, na san an hana ki. Yaya ta buɗe ta riƙe miki, ta kau da kai. Maƙwabcina Alhasan mai atamfa zai bi jirgi gobe, shi zai kawo.

Ina tsakiyar ciniki Yaya ta kira tana kuka. Ta ce an gama aiki lafiya, daga baya wurin ya kumbura, jini ya taru a ciki, an mayar da ke ɗakin tiyata, kuma ana neman jini. Na fita na bar shago a buɗe. Har na kai bakin titi kafin in tuna tsakanina da ke akwai ƙasa guda. Na tsaya masu babur suna ta yi mini oda.

Da la'asar ta sake kira, ta ce kin farfaɗo, an sami jini. Na ce na wa? Ta yi shiru. Shirun nan ya ba ni amsa.

Na kira Muhyiddeen, Rahamatu. Hausa ta ƙi fitowa, sai "singila mingi" na iya cewa, godiyar Sango irin ta yaranmu. Ya ce, "Haba Uwaisu, ƙanwata ce fa. Ka kwantar da hankalinka." Muryarsa ba girman kai ko kaɗan, wannan ya ƙara ba ni haushi.

Washegari na je asibiti nan cikin gari na ce a auna jinina. Ina so in san da ina can, da ni zan bayar. Ma'aikaciyar ta tambayi irin naki, na kira Yaya ta faɗa. Ta duba, ta girgiza kai, ta ce nawa ba ya shiga jikinki. Ko ina tsaye a kanki, sai dai in kalli wani yana miƙa hannu. Na daɗe zaune a bencin. Da zan tashi ta ce akwai wata mai haihuwa da ke buƙatar irin nawa. Na naɗe hannun riga na ce su ɗiba. Ban ga matar ba, amma na ga mijin a baranda, ya riƙe hannuna yana godiya yana kallon ƙasa. Na gane abin da ke cin sa, na ji tausayinsa.

Yaya ta ce likita ya buɗe wurin, sun daidaita, tabon zai dushe a hankali. Ta ce da kika kalli madubi kin yi kuka. Na so a ce ina wurin.

Takardar tafiyata ta mutu, ana sabunta ta. Tana fitowa zan bar wa ƙanena Hussaini shago in biyo Abdulsamad ta iyakar Garwa-Bulai. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban warke ba. Duk sanda na tuna jinin wa ke yawo a jikinki, ƙirjina zafi yake yi. Amma kina numfashi, kuma da shi kike yi. Zan sauka a gidan Muhyiddeen, in ci abincinsa, in gode masa a gaban mutane.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da zan shigo ɗakin da kike, a ce masa ya ɗan fita.

Yara suna gaishe ki, Inna tana yi miki addu'a.

Mijinki mai ƙaunarki,
Uwaisu