Manjan da Ban Ɗura Mata Ba

Alhamis da dare, Catford, London

Da la'asar 'yata Ummi ta kira ni a gigice, wai Safiya ƙawarta ta faɗi a matattakalar flat ɗinmu. Ashe da suka gama jarrabawa giya aka zuba wa yarinyar a gorar lemo, ta yi ta sha har ta daina gane mutane. Shekararta sha shida.

Abin da ya fara zo mini shi ne rufin asirin uwarta. Na ɗauko manja in ɗura mata ta amayar, mu shigar da ita ɗaki shiru. Ummi ta riƙe mini hannu.

"No, Mama, za ta shaƙe. Na riga na kira ambulance."

Har ta kwantar da Safiya ta gefen jikinta. Na balbale Ummi da faɗa, me mutane za su ce?

A asibiti likita ta ce da na ɗura, cikin huhunta manjan zai tafi. Safiya ta farfaɗo, alhamdulillah.

Ɗazu na leƙa Ummi tana barci. Yarinyar da kullum nake cewa London ta ɓata mini ita. Gobe da safe zan ba ta haƙuri.