Akwatin Jinin Cibiya Da Na Ɓoye

Misfala, Makka.

Zuwa ga ƙanwata Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya ke da mutanen gida, Allah ya sawwaƙe miki ciwon gwiwar nan. 'Yarki Dalal ta warware, jaririn Luƙman ba ya wasa da nono. Yayarsa Tahani ce dai sikila ta sake kwantar da ita sati guda.

Maganar da ta sa na rubuto ba mai daɗi ba ce. Kin ji labarin akwatin asibiti da ya ɓata ranar haihuwa, kin kuma ji ɗana Yunus ya ɗora wa matarsa Dalal laifi, wai sakacinta ne. Ba ita ba ce. Ni na ɗauke shi.

Likita ce ta ba su shi su ajiye a gida, ta ce da an haihu a take za a tari jinin cibiyar jariri a cikin akwatin, wai akwai wasu ƙwayoyi da za su iya gyara jinin Tahani in ya dace da nata. Ni kuma a wajen ta'aziyya a unguwar Tandabawi na ji mata na zancen istinsak, wai yanzu da ɗigon jini ake kwafar mutum, a yi na biyunsa a kwalba, a yanka a ɗebi abin da ake so. Ban tambayi kowa ba. Na ce mu abin da muka sani a wanke mabiyiya a binne, ba mai taɓa cibiyar jikana. Na tura akwatin ƙarƙashin gadona. Naƙuda ta zo da gaggawa, aka nema aka rasa. Mas'uda, har da ni a masu nema.

Bayan suna na tambayi wata malama 'yar Sakkwato da ke karatu a nan. Ta ce abu biyu na cakuɗa. Wancan na ƙirar ɗan tayi don a lalata shi, malamai suna da magana mai nauyi a kai. Jinin cibiya kuwa da ma zubarwa ake yi, in iyaye sun yarda ba laifi. Yanzu sai Luƙman ya yi ƙwari, in ya dace a huda ƙashinsa a zuƙi ɓargo a sa wa yayarsa. Tahani sai ta yi ta jira da ciwonta.

Wata biyu ke nan Yunus ba ya cin abinci da matarsa. Jiya ta kawo min shayi tana hawaye, wai in roƙar mata shi gafara. Na karɓi shayin, na kasa sha.

Ran Juma'a in ya dawo daga Harami zan faɗa masa a gabanta. Na fara da ke ne don kar in fasa, tunda 'yarki ce na cuta. Kar ki ce min tsufa ne. Da hankalina na yi.

Ki gaishe da Awwalu da matarsa, da Hudaifa, da Inna Zubaidatu.

Yayarki,
Mairama