Ƙarfen Wuyan Duna

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Inna, yau ina kakkaɓe tsohuwar adakarki sai ƙarfen wuyan Duna ya faɗo, shi ya sa na zauna rubuto miki.

Kin tuna Duna, baƙin karen da ke korar mana birai daga gonar dawa a Jiratawa bayan rasuwar Baba. Shekarar da biri ya yage masa cinya, kin sa toka, kin sa garin sabara, amma ciwon sai ruɓewa yake yi.

A lokacin nan Nasara ne ke mulki. In kin kai daddawa kasuwar Maraɗi, kina ganin karnukansu suna shiga gidan likitan dabbobi, kowanne da ɗan ƙarfe yana reto a wuya. Sai kika ɗauka ƙarfen ne izinin shiga. Kika cire munduwar da kika zo da ita daga Tsibiri ranar aurenki, maƙeri ya buge ta ta yi faɗi, kika rataya wa Duna.

Kika goya shi da zani kamar jariri, muka taka har Maraɗi. Masu dariya na yi, masu tsartar da yawu na yi. Ni kuwa, budurwa mai ji da kanta, na ja da baya kamar ban san ki ba.

Gardin da ke tsaron ƙofar Bahaushe ne irinmu. Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya kasa haɗa ido da ke. Har yau ina jin muryarsa: "Inna, nan ba ƙarhen ake dubi ba, mai riƙe da igiyar ake dubi." Maganin yana bayan katangar nan, taku kaɗan daga inda kike tsaye.

Duna ya cika a hanyar komawa, gindin wata tsamiya. Ba ki yi mini faɗa ba. Cewa kawai kika yi, "Ɗiyata, kama mini ƙahwahunshi."

Na yi shekara da shekaru ina jin haushin gardin nan. Yanzu da na tsufa na gane shi umarni aka ba shi. Ni babu wanda ya umarce ni in bar ki ke kaɗai a tsakiyar titi. Ki yafe mini, Innata.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya kai ki ƙofar da ba a tambayar wa ya riƙo ki.

Ɗiyarki,
Hadizatu