Tukunyar Gas Mai Jan Fenti

Bol, Cadi
3 ga Mayu, 1983

Yaya Manasse,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya a Mafoni.

Firijin ɗakin shan maganinmu da gas yake aiki, a ciki kuwa akwai allurar rigakafin ƙyanda ta yara ɗari uku. Tukunya ɗaya ta rage mini, idan ta ƙare allurar ta lalace. Mako biyar ke nan motar gas ba ta zo daga Maiduguri ba. Kai ne akawun rumbun gas ɗin, kai ke buga hatimin izinin fitar da tukwane. Buga mini ɗaya.

Ƙanwarka,
Phoebe

Mafoni, Maiduguri
12 ga Mayu

Phoebe,

Bayan gaisuwa mai yawa, takardarki ta iso.

Umarni ne daga Legas: ko tukunya ɗaya ba za ta tsallaka iyaka ba sai Cadi ta janye sojojinta daga tsibiran Tafkin Cadi. Gwamnati ta ce idan murhunsu ya mutu za su zo teburin sulhu. Duk wanda aka kama, kurkuku. Ki rufe wurin ki dawo gida, taurin kan nan ya isa.

Yayanki,
Manasse

Bol
20 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake.

Janar-janar ɗin da kuke son matsa wa, da itace ake dafa musu tuwo, ko a jikinsu. Ni kuka matsa wa. Jiya mun binne yara biyu. Na rage wutar firijin har da ƙyar ake ganinta, ƙauyuka tara kuma ba a yi musu allura ba. Ba inda za ni. Ka gaida hatiminka.

Phoebe

Mafoni
27 ga Mayu

Phoebe,

Mai kawo miki wannan ita ce Ya Gumsu, 'yar kasuwar kifi ta Baga Road. Ki duba ƙarƙashin kwandunanta. Tukunyar gidana ce, a cike.

Kin san a nan kowa yana rubuta sunansa da jan fenti a jikin tukunya, don kada a musanya masa wajen ɗuri. Gumsu ta ce in kankare nawa. Na ƙi. Idan soja suka tare kwalekwalen da za ta shiga, gara su zo Mafoni su ɗauke ni da su riƙe ta.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ki ƙara wutar.

Allah ya tsare,
Manasse