Yatsu Biyu Sun Tafi, a Ba Ni Lambar Mai Rufin Kwano

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Injinan Hannu da Batura na kasuwarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, kai da iyalinka da 'yan kasuwar da Allah ya ɗora maka jagorancinsu. Sunana Isiyaku, tsohon malamin firamare, mazaunin Limancin Kona a cikin birnin Zariya. In sunan bai tuna maka da kowa ba, to ni ne dattijon da ya kwaɗa wa ɗan ƙungiyarku Sabi'u ƙonannen batir a baki a ƙofar shagonsa, har haƙorinsa na gaba ya faɗa kwata. Na yi, ba na musu, kuma zan zo kan wannan maganar a muhallinta.

Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka yi tafiya, alhali motarka na fake a gindin darbejiya, takalmanka na bakin ƙofa. Tunda takalman sun fi ni samun ganinka, na ga gara in rubuto a inda kowa zai karanta.

1. Da na ajiye aikin koyarwa, sai na kafa ɗan benci a ɗakin da ke jikin zaurenmu, ina gyaran ƙofa da kujera da akwatin littattafai, na gida da na maƙwabta. Ka san halin wutarmu, sai ta ga dama take zuwa, don haka na sayi injin huda katako mai aiki da batir, ina cajinsa da sola. Bayan shekara guda na je wurin Sabi'u na sayi injin zarto. Da na kawo gida, batirin injin hudar ya ƙi shiga, domin kowane kamfani da irin bakin da yake yi wa nasa. Na koma ina ƙorafi. Sabi'u ya yi dariya ya ce mini, Baba, wannan ai wayon Turawa ne don su ci kuɗinmu sau biyu, mu kuma mun riga su wayo. Ya ɗauko wata baƙar roba da ya kira adafta, wadda ake maƙala wa batir ya shiga injin da ba nasa ba. Ya haɗa mini da wani batir mai araha wanda ko suna babu a jikinsa. Da ya ga wani ɗan tudun roba ya tokare, sai ya zaro wuƙa ya kankare shi a gabana. Abu ya shige ƙwas, zarto ya tashi. Wallahi har addu'a na yi masa.

A unguwarmu kayan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Kamar tsani yake, yau yana wannan gida, gobe yana wancan, ba wanda zai aiko aro ka ce babu. Duk wanda ya ari injina sai na yi masa lacca a kan adafta, irin ta tsohon malami da ya rasa aji. Gidaje bakwai suka saya a kan maganata. Sabi'u bai taɓa samun ɗan talla na kyauta kamar ni ba.

2. Yayana Malam Habibu, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke zana allon zayyana na saukar Alƙur'ani. Shekara arba'in yana wannan aiki, daga cikin birni har ƙauyukan bayan Kufena ana zuwa wurinsa. Da kansa yake yanka allonsa daga icen aduwa, da zarton hannu, yana yi yana hutawa. Ni na matsa masa, na ce Yaya, kafaɗarka ta gaji, ga inji. Ya ƙi, na nace, har ya yarda don kada in ji ba daɗi.

Ranar wata Laraba da hantsi, ina riƙe masa katako yana yanka. Allo na huɗu muke. Na ji wani wari kamar an jefa leda a murhu, sai batirin ya fara huci. Kafin in ce ya saki, farin hayaƙi ya feso, wuta ta biyo shi ta nannaɗe masa hannun dama. Robar mariƙin ta narke ta kama yatsunsa, ya yarfe, ya sake yarfewa, injin ya ƙi barinsa. Na juye masa ruwan buta, wutar ta lafa ta sake tashi. Na tuɓe rigata na rufe hannun na fizge injin da ƙarfi, ya fito da fatar yatsun a manne a jikinsa. Na ga farin ƙashi, Alhaji. Mutumin da tun muna yara ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ya yi ƙarar da ta fito da matan gida uku ba mayafi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, a ƙarshe suka yanke manuniya da na tsakiya. Da su yake riƙe alƙalami. Da manuniyar yake nuni a zaman tahiya. Yanzu in ya zauna tahiya ina ganin dungun yana motsi cikin bandeji, sai in rasa inda nake a sallata.

3. Na kwashi gawayin abin na kai wa Bitrus, wani mai gyaran kayan lantarki a Wusasa da muka yi makaranta tare. Ya buɗe wata adaftar da na karɓo daga maƙwabcina ya nuna mini cikinta. Batir na gaskiya, in ji shi, bayan ƙarafa biyu da ke kai wuta, yana da wani ƙarfen da ke gaya wa inji cewa batir ya yi zafi, a tsaya. Adaftar Sabi'u biyun kawai gare ta, na ukun babu shi, don haka batir zai yi ta gasuwa inji bai sani ba. Batirin mara suna kuma, da ya fasa shi, tsofaffin ƙwayoyi ne da aka cire daga matattun batura aka sa musu sabuwar riga, babu wani abin kariya a ciki. Tudun robar nan da Sabi'u ya kankare da wuƙa, an yi shi ne musamman don ya hana a cusa batir inda bai dace ba. Bitrus ya kalle ni ya ce, Isiyaku, kai da ka koyar da yara kimiyya?

A ranar na bi gidajen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, na karɓe adaftocin da baturan, na haƙa rami a kangon bayan gidanmu na binne su cikin yashi.

4. Daga nan na wuce shagon Sabi'u da ƙonannen batirin a leda. Ban je da niyyar dukansa ba, Allah shi ne shaida. Na ajiye masa a kan tebur na gaya masa abin da ya faru. Bai ko tashi ba. Ya ce ƙaddara ce Baba, kuma kaya in ya fita shago ya fita, wa ya san yadda kuka yi da shi. A bayansa ina hango adaftocin nan a rataye jere, ana jiran mai tsautsayi na gaba. Ban san lokacin da na ɗauki batirin ba. Na ji dai ƙararsa a bakinsa, na ga jini a gaban rigarsa, na ga haƙori ya yi tsalle. Na shaƙe shi na haɗa shi da kanta har gilashi ya tarwatse, sai da mutum huɗu suka ɓanɓare ni. Shekarata sittin da uku, ban taɓa dukan ɗan wani ba sai da bulalar makaranta.

Ka kuma sani, da yammacin ranar samarin unguwarmu, ɗaliban Yaya na da, suka haɗu da jarkar fetur za su shagon. Ni na tare musu lungu, na ce sai dai su fara da ni. Shagon Sabi'u yana tsaye yau ne saboda mutumin da ya cire masa haƙori. Ba don a gode mini na faɗa ba, na faɗa ne don ka san yadda abin ya kusa zama.

5. Bayan an sallamo Yaya, ka aiko dattawa uku da goro da turare. Sun yi magana mai daɗi. Tun ba su gama gyara zama a kan tabarma ba Yaya ya ce ya yafe, duniya da lahira. Haka yake, ko kan nasa aka cire zai yafe in da bakin faɗa. Aka shafa fatiha, dattawanka suka tashi suna cewa magana ta mutu, kada a sake tayar da ita. Tun daga ranar duk wanda na tunkara a kasuwa sai ya ce mini, haba Malam Isiyaku, mai hannu ya yafe, kai mene ne naka?

To ga nawa. Yaya yatsunsa ya yafe, su ne nasa. Bai yafe na wani ba, don ba shi da iko a kansu. Kun zo kun karɓi yafiyar malami kun naɗe ta kun rufe shagon Sabi'u da ita, adaftocin kuma sun sauka daga ƙusa sun koma ƙarƙashin kanta. Wannan ba sulhu ba ne, Alhaji, kuma ka san ba shi ba ne.

6. Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni, shi ne dalilin wannan takarda.

Gidaje bakwai na ce na bi, amma mutum takwas suka saya a kan maganata. Kimanin mako uku kafin abin Yaya, ina zaune a shagon Sabi'u sai wani mutum ya shigo, dogo, baƙi, da tabon yanka a haɓarsa, da hula ta sha rana. Daga wani ƙauye yake ta yamma, aikinsa rufin kwano, yana noma in damina ta sauka. Ya daɗe yana juya adaftar a hannunsa, zuciyarsa ba ta kwanta ba, har ya ajiye zai fita. Sabi'u ya nuna ni ya ce, tambayi Malam, mutumin Kona ne, da ita yake aiki. Ka san yadda mutanen karkara suke ɗaukar maganar mai furfura daga unguwarmu. Mutumin ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ni. Ni kuma na gyara zama na ce masa, saya ɗana, lafiya lau take, ni na tsaya maka. Ya ce tunda Malam ya faɗa ai shi ke nan. Da tudun robar ya tokare, ni na karɓi wuƙar Sabi'u na kankare masa da hannuna.

Ya sayi adafta da batir mara suna guda biyu. Ina ji yana cewa a ɗakin matarsa yake ajiye kayan aikinsa, ƙarƙashin gado, don can ne ɓarawo ba ya kaiwa. Ban tambayi sunansa ba. Ban tambayi garinsu ba. Na zaga ƙauyuka biyar a kan babur ina tambayar mai rufin kwano mai tabo a haɓa, ban same shi ba. Ga hadari ya fara haɗuwa, lokacin da kowa ke neman mai rufi, zai wuni a kan rufin mutane, kwano na ƙuna, inji na aiki ba hutu.

Sabi'u yana da lambar wayarsa. A gabana ya karɓa, ya ce zai kira shi in caja ta iso. Na aika masa mutum biyu, na aika limaminmu, ya ce ba zai bayar ba, wai in ya kira mutumin ya amsa laifi ke nan, kuma ba ya magana da wanda ya zubar masa da haƙori.

Saboda haka, Alhaji, ga abin da nake roƙo. Ba na neman diyya, ba na neman kuɗin asibiti, kada ma a kawo. Ina roƙon ka shiga shagunan 'yan ƙungiyarka da ƙafarka, ka duba ƙarƙashin kanta, ka kwashe adaftocin nan masu ƙarfe biyu da baturan da ba su da suna. Ina roƙon ka hana kowa sake sa wuƙa a jikin batir a kasuwar nan. Duk wanda aka sayar wa kuma, a kira shi a gaya masa gaskiya.

Amma kafin duk wannan, ka sa Sabi'u ya kira mai rufin kwano yau. In ba zai iya ba, ya rubuta lambar a takarda, ni zan kira, ni zan ce masa Malam ɗin nan da ka durƙusa wa ƙarya ya yi maka. Laifin ba zai hau kan Sabi'u ba, bakina ne ya sayar.

Batun haƙori kuwa, haƙƙinsa ne, kuma ba a yafe mini ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan zo ƙofar shagonsa, a gabanka da dattawan nan uku. Zan zo da batirin, yana nan na ajiye. Zan miƙa masa, in haɗa hannuwana a baya, ya zaɓi wanda ya ga dama a bakina ya cire. In ɗaya bai ishe shi ba ya ƙara. In ya gama, ya ba ni lambar.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa kasuwancinka albarka, ya ba ka ikon yin adalci a kan waɗanda kake shugabanta. Allah ya bar maka yatsunka goma, kai da 'ya'yanka, ya kuma tsare na bawan nan nasa har in same shi.

Wassalam.

Naka,
Isiyaku, ƙanin Malam Habibu mai zayyana,
Limancin Kona, Birnin Zariya.