Mutanen Kurfi Sun Daina Latsawa

Daren Laraba, Dutsin-Ma

"Rabi, abin ƙirgarki ya lalace," in ji Hajiya mai shago, tun ban ajiye jaka ba. "Kullum da safe mutanen Kurfi na latsa 'Saya' a shafin turarena, yau kwana tara shiru. Hijira suka yi?"

Na buɗe kwamfuta, na bi tallar har shafin, na latsa da kaina, ya fito a allon ƙirga nan take. Na sake gwadawa ta waya, ya fito. Babu abin da ya lalace, kuma na sani tun kafin in duba.

Baba ne mutanen Kurfin. Tun da na gaya masa aikina lura da masu latsa talla ne, ya ɗauka kowace latsawa maki ce ake rubuta mini. Bayan asuba sai ya hau tudun bayan gidanmu a Rawayau, can ƙasar Kurfi, inda sabis ke kamawa, ya latsa sau ashirin. Bai taɓa sayen ko tsinken turare ba. Da sallah na yi masa faɗa, ni mai digiri, wai yana ɓata mini aiki. Ya yi dariya ya ce, "To, Malama." Bai daina ba.

Yau kwana tara da rasuwarsa. Hajiya har gaisuwa ta je, amma ba ta gane ba.

"Zai gyaru?" ta ce.

"Ba zai gyaru ba, Hajiya."

Na bar allon a kunne, na ja ƙofa ta rufe, na tafi.