Kaset ɗin Inna ya tafi Abhur

Maman Madina,

Na fita tun asuba, ban tashe ki ba.

Kin san 'yar ubangidana Injiniya Liyu, mutumin Sin, wadda za ta koma ƙasarsu jarrabawar gama sakandare. Ita nake karanta wa darussan Turanci a kaset, ta saurara ta amsa tambayoyin littafinta. To jiya da zan tafi gidansu a unguwar Abhur, kaset ɗin saƙon da kika yi wa Inna na ɗauka, don launinsu ɗaya. Nawa yana jakar Kawu Jabiru, zai tafi Zariya.

Yarinyar ta zauna da biro ta saurari naki sau biyu. Ta fashe da kuka, wai Turancinta ya gudu, ko kalma ɗaya ba ta kama ba. Uban ya kira ni falo, ya kunna, ya ce in yi bayani. Minti arba'in ina tsaye.

Ki je masaukin su Kawu a unguwar Bab Makka kafin azahar, kafin motarsu ta tashi zuwa filin jirgi. Ki karɓo nawa, ki ba shi naki, yana kan firji. In ba haka ba Inna za ta tara maƙwabta su ji ni ina bayanin noman shayi da Turanci. Injiniya kuma ya ce in ban kawo nawa gobe ba, halas, wato shi ke nan, zai nemi wani direba.

Batun da kika gaya wa Inna, cewa shekara shida ban taɓa zama na saurare ki ba, jiya na saurara har ƙarshe. Yarinyar ba ta gane komai ba. Ni na gane.

Muntaka